Hajiyar Fatakwal da Bandar Kifin Inna

Shekarun baya can, lokacin da bayan gidajenmu na Gesse duk gonaki ne, babbar waya kuma sai a hannun ɗaiɗaikun mutane, na gama makarantar kimiyya da fasaha ta nan Birnin Kebbi na zauna gida ba aiki. Takardar shaidata tana ƙasan akwati tana hutawa, ni kuma ina tsakar gida ina shan hayaƙi tare da mahaifiyata.

Mahaifiyata 'yar Argungu ce, gidan masunta. Aikin gwamnati ne ya kawo mahaifina Birnin Kebbi tun farkon samun jiha, ya taho da mu. Da Allah ya yi masa rasuwa sai ta koma wa sana'ar gidansu, wato bandar kifi. Yayana da ke zaune Argungu shi ke saya mana ɗanye a bakin gulbi ya sako a motar safe, tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu, Inna ta gyara ta jera a kan raga, ta hura wuta a hankali. Tana kuma daka yajin daddawa da in kika buɗe murfinsa maƙwabta za su sani.

Ƙawata ce ta nuna mini wani shafin saye da sayarwa a intanet. Ta ce in daina jiran matan unguwa, in sa hoton kifin duniya ta gani. Tsarin shafin mai sauƙi ne amma mai tsauri. Mai saye zai yi miki magana a cikin shafin, ya biya a can, ke kuma ki kai kaya shagon wakilinsu da ke kusa da kasuwa, ya duba kwalin, ya liƙe, ya manna wata lamba. Ba ki ganin adireshin mai saye, ba ki ganin lambar wayarsa, sunan garinsa kawai. In ma ɗayanku ya rubuta lamba a cikin hira, sai ta koma taurari, a kuma aiko miki gargaɗi cewa za a rufe shagonki.

Ciniki ya fara shigowa kaɗan-kaɗan, tare da shi kuma 'yan ɓata lokaci. Wani zai ce kifin ya gani, saura mai kifin. Wani zai yi ta taya kaya har ki gaji, sannan ya ce dama gwadawa yake. Akwai wanda kullum da safe sai ya tambaye ni ko na karya. Nan na gano wani ɗan maɓalli a gefen sunan mutum, in kika danna shi kin toshe shi ke nan, ba zai ƙara ganin kayanki ba balle ya yi miki magana. Kai, na so maɓallin nan. Na ƙware a kansa har ƙawata ta riƙa ce mini mai gadin ƙofa. Ni da ko kazar maƙwabta ba na iya kora daga tsakar gida, ga ni ina korar ƙarti da ɗan yatsa.

Wata rana saƙo ya shigo daga wani mai saye a Fatakwal. Sunansa wasu haruffa ne marasa ma'ana, hotonsa kuma hoton mota.

"Kihin ga na wane gulbi na?"

Na ce na Argungu ne. Washegari sai ga wani.

"Da wane icce anka yi bandar?"

Na amsa a taƙaice. Bayan nan tambaya ta riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, ba a maganar saye ko sau ɗaya. Ruwa ya kawo bana? Har yanzu ana sayar da hoce, wainar dawar nan, a kasuwa? Shinkafar fadama ta yi kyau? Na nuna wa ƙawata, ta taɓe baki ta ce, "Namiji ne. Haka suke farawa, da tambayar garinku. Yi bulokin ɗinsa ki huta."

Da la'asar ɗin ranar ina zaune kan turmi, Inna tana fifita wuta, na buɗe hirar da niyyar in toshe. Sai na ce bari in ba ta dariya tukuna. Na karanta mata tambayoyin ina kwaikwayon muryar namiji. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye mafici ta ce, "Sake karanta min ta iccen."

Na sake.

"Wagga ba namiji ba ta," in ji ta. "Namiji bai tambayar icce. Tsohuwa ta, kuma ta gida ta. Ba ki ji bakinta ba? Tambaye ta ɗiyar wane gida ta."

Na ce, "Inna, ba fa ta sayen komai."

Ta ce, "Ba kihi taz zo saye ba. Tambaye ta."

Amsar ta daɗe ba ta zo ba, da ta zo kuma guntu-guntu ta riƙa shigowa, kamar mai rubutu da yatsa ɗaya. Ashe kuwa da yatsa ɗayan take yi. Ta ce an haife ta a tsohon gari kusa da gulbi, mahaifinta mai gyaran gora ne da ɗinkin homa, irin ragar hannun nan ta masunta. Ta auri wani soja da ta gani ta ce tana so, ta bi shi bariki-bariki har suka yada zango a Fatakwal. A ajin matan bariki ta koyi boko. Mijin ya rasu, tana zaune wurin ɗanta, gwiwoyi sun ƙi, rabonta da gida tun muna cikin jihar Sakkwato. Ɗan ne ya buɗe shafin don sayen kayan mota, da ya sake waya ya bar mata tsohuwar. Tana latse-latse ta ci karo da hoton kifinmu. Ta ce ba ma kifin ne ya tsayar da ita ba, saƙar faifan da aka ɗora shi a kai ce.

Da na gama karantawa na ɗaga kai, na ga Inna tana share ido da bakin zane. Ta ce hayaƙi ne.

A makon nan Hajiya, don haka na koma kiranta, ta yi odar farko. Inna da kanta ta zaɓi kifin, ta cusa ƙullin busasshen sure, wato yakuwa, da daddawa da yaji a gefe, ba a cikin ciniki ba. Da kayan suka isa ta rubuto, "Ɗiyata, na buɗe kwalin ƙamshi ya buge ni, sai kuka. Surukata ta sheƙo ta zaci mutuwa anka yi. Ki ce ma innarki yau na yi tuwon shinkafa da miyar sure, na ci har na ji kunya."

Daga nan na samu aikin da gwamnati ta hana ni. Na zama magatakardar tsofaffi biyu. Kullum bayan sallar la'asar Inna za ta ja kujera 'yar tsuguno kusa da ni ta ce, "Duba ko 'yar uwata ta yi magana." In sabis ya ƙi, sai in hau kan bulon da ke jikin katanga in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ba su san juna a Argungu ba, Hajiya ta girme ta, unguwarsu ma ba ɗaya ba. Amma sun san rijiya ɗaya, sun san mashaya ɗaya, sun ji tsoron mahaukaci ɗaya suna yara. Inna ta faɗa mata waɗanda suka mutu da waɗanda ke raye. Ita kuma ta ba mu labarin garin da ruwan sama ba ya gajiya, da kifin teku da ta ce girma gare shi ba ɗanɗano. Wani lokaci su yi gardama a kan wata waƙar daka, kowa ta ce nata baitin ne daidai, ni ce a tsakiya ina rubutawa ina gogewa.

Na san wasunku za su ce me ya hana mu karɓi lambar juna. Mun gwada sau ɗaya, ta koma taurari, gargaɗi ya biyo baya. Wakili kuma ba ya liƙe kwali sai ya zazzage shi, in ya ga takarda ya cire ya kai rahoto. Shagon nan shi ke ciyar da mu a lokacin, ban yi gangancin wasa da shi ba. Hajiya ita ma ba ta san lambar layin da ke cikin wayar ba, na ɗanta ne. Kuma gaskiya ba mu ga abin gaggawa ba. Ga mu kullum tare.

Haka muka ci damina guda da rani guda. Sai wata rana na rubuta gaisuwar Inna na tura, shafin ya ce ba zan iya aika wa wannan mai saye saƙo ba. Na sake, haka. Na hau bulo, haka. Ban buƙaci mai fassara ba, don na san rubutun da waɗanda nake toshewa suke gani. An toshe ni.

"Mi kinka ce mata?" in ji Inna.

Na ce ban ce komai ba. Na koma baya na karanta mata hirar kwanakin nan kaf, ba mu ga kalma ɗaya mai ƙaya ba. Maganarta ta ƙarshe ma cewa ta yi kanta na ɗan sara mata, za ta kwanta.

Inna ta ce, "Ba ita ta rufe ba. Ba ta da lahiya."

Na rubuta wa ma'aikatan shafin. Na yi musu bayani da duk Turancin da na kwaso daga makaranta, na ce tsohuwa ce, muna tsoron ko wani abu ya same ta, lambarta kawai nake roƙo, ko su kira ta da kansu su ji lafiyarta. Suka amsa cikin ladabi cewa ba sa ba mai sayarwa bayanan mai saye, kuma duk wanda ya toshe wani yana da 'yancin yin haka ba sai ya faɗi dalili ba. Na sake rubutawa, suka sake turo amsar nan, ko waƙafi ba su canja ba. Na hau kabu-kabu na je wurin wakili, ya juyo mini fuskar kwamfutarsa ya ce, "Malama, duba da idonki. Ni ma lambar kwali kawai nake gani." Na fito ina huci. Amma a hanya na tuna dokar nan ce ta hana mai tambayata ko na karya ya san ƙofar gidanmu. Sai fushin ya rasa inda zai sauka.

Abin da ya fi damuna Inna ce. La'asar ta yi, ta ja kujerarta kamar kullum, ta zauna, ba ta ce in duba ba. Kifin ma ta riƙa barinsa yana wuce wuta, abin da ban taɓa gani ba. Makonni suka shuɗe a haka. Ran nan muna cin tuwo ta ce, "Gobe mu tahi Argungu."

Na ce, "Yin me, Inna?"

"Mai gyaran gora bai ɓata a garin masunta. Ko ya mutu, gidansa na nan."

Muka bi motar safe. Shinkafa ta rufe fadama kore shar, Inna tana leƙe ta taga tana nuna mini gonakin mutanen da ban sani ba. Yayana ya tare mu a tasha, ya shige gaba muka kutsa tsohon gari. Neman gida a wurin tsofaffi ba aikin mai sauri ba ne. Duk inda muka shiga sai an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, an yi gaisuwar mutuwar da ta shekara, sannan Inna ta kawo maganar ɗiyar mai gora da ta auri soja. Wannan ta ce ta san labarin amma ba ta san gidan ba. Waccan ta tura mu gidan wata, muka tarar wadda ta auri ɗan sanda ce. Ni ƙafata ta gaji, takalmin gayun da na sa ya fara cizona, Inna kuwa kamar an ƙara mata mai.

Wajen azahar aka kai mu wani zaure, wani dattijo yana zaune a kan buzu, idanunsa sun yi fari. Inna ta durƙusa ta gaishe shi ta faɗi abin da ya kawo mu. Ya karkato kunne.

"Wadda ta bi soja? Ƙanwata ta, ɗiyar baffana. Mu munka kai ta mota." Ya yi dariya har da tari. "Tana nan da tsiwarta?"

Ya ce ɗanta yakan kira da salla, lambar tana wayar 'yarsa a cikin gida. Aka kawo. Na kwafa, na koma bakin zauren na kira.

Namiji ya ɗauka, murya a dake. Na yi sallama na ce ni ce mai sayar da kifi daga Birnin Kebbi.

"Ke ce?" in ji shi. "A ina kika samu lambata? Ni na toshe ki."

Kafin in ce wani abu ya ci gaba. Hawan jini ya kayar da mahaifiyarsa har sun kwana asibiti, likita ya hana ta gishiri da yaji. Ya ɗauki wayarta ya ga doguwar hira da wani da bai sani ba, ana tambayarta gidansu da danginta da wanda take zaune da shi. Ya ce a inda yake, haka 'yan damfara ke yi wa tsofaffi. Ya toshe, ya karɓe wayar, ya ce mata ta lalace.

Me zan ce? Da ni ce shi, abin da zan yi ke nan, ƙila ma tun kafin nan. Sai kawai na ce, "Alhaji, ba na musu da kai. Ga wanda zai yi maka bayani." Na miƙa wa dattijon.

"Kai ɗan soja," in ji shi da ƙarfi, irin na wanda bai yarda da waya ba. "Kawunka na. Baiwar Allah ta taso tun daga Birnin Kebbi da ɗiyarta, gida-gida suna cigiyar uwarka, kai kuma ka kulle ta awa kuɗin banki?"

Da wayar ta dawo hannuna muryar ta sauya. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ki ba Inna haƙuri. Wallahi tun da na karɓe wayar nan ba ta cin abincin kirki. Na ɗauka ciwon ne." Ya ce yana wurin aiki, da ya koma gida zai kira.

Muna gidan yayana bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Na ba Inna. Matan nan da suka cika mini waya da surutu, da aka haɗa su murya da murya sai suka rasa ta cewa.

"'Yar uwa," in ji Inna.

Can na ji wata siririyar murya. "'Yar uwa, ke ta?"

Sai dariya, sai kuka, sai gaisuwa daga farko kamar yanzu suka haɗu a hanya, ina gajiya, ina gida, yaya jiki. Da suka natsa Hajiya ta ce, "An ce kuna Argungu. Kuna kusa da gulbi?"

Ba nisa. Inna ta yafa mayafi muka gangara, wayar na kunne. A bakin ruwa mata suna bugun wanki, wani daga tsallake yana ƙwala wa mai kwalekwale kira, ruwa yana dukan gindin jiragen da aka ɗaure. Inna ta ƙara muryar wayar ta miƙa ta wajen ruwan. Can Hajiya ta ce, "Ƙara matsawa." Inna ta tuɓe takalmi ta ba ni, ta shiga har ruwa ya rufe mata idon sawu, ta sunkuya da wayata a tafin hannu, ni ina addu'a a zuci kada ta suɓuce. Sun daɗe a haka. Masu wanki suka tsaya suna kallonmu, Inna ko a jikinta.

Bayan nan ɗan ya saya mata layinta na kanta. Aka sallame ni daga aikin magatakarda ba ko sannu. Kifi ya ci gaba da tafiya, amma a motar masu kai albasa kudu, ba gishiri ba yaji, sai dai Inna takan ɓoye ɗan ƙullin daddawa ta ce likita bai ambace ta ba. Shekaru suka yi suna waya. Kowace shekara Hajiya za ta ce bayan damina yaron nan zai kawo ta, kowace shekara kuma wani abu ya gitta, gwiwa ko hanya ko aikin ɗan. Na ce su bari in haɗa su ta hoto su ga juna, Hajiya ta ƙi. Ta ce hoto na waɗanda ba za su haɗu ba ne, ita ido da ido take so.

Wata safiya ɗan ya kira ni, ba Inna ba. Da na ga haka na sani. Na same ta tana jera kifi na faɗa mata. Ta yi salati, ta kashe wutar, ta ce in share tsakar gida in shimfiɗa tabarmi. Ta zauna zaman makoki sosai, ta sa aka yi gumba aka raba sadaka. Matan unguwa suka riƙa shigowa suna tambayar wa aka rasa.

"'Yar uwata ta Fatakwal," take ce musu.

Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Ikon Allah, ba mu san kina da 'yar uwa a can ba."

Inna ta ce, "Ni ma ban daɗe da sani ba."

Yau Inna ita ma ta bi ta. Gonakin bayan gidanmu sun zama gidaje, ni ke hura wutar bandar, kuma har gobe ina sayarwa a intanet. Ban daina toshe mutane ba, kada ku ɗauka na zama waliyyiya, mai tambayar hotona har yanzu ba ya kwana a shagona. Ban kuma ga laifin dokar da ke ɓoye lambar mutane ba, ta rufa mini asiri fiye da yadda ta ɓata mini rai. Ba ni da wani babban darasi da zan ba ku. Kewa ce kawai ta taso mini yau, ta mata biyu da ba su taɓa ganin fuskar juna ba, amma ɗaya ta yi wa ɗaya zaman makoki. Nakan ce a raina ƙila yanzu sun haɗu ido da ido yadda Hajiya ta so, suna can suna gardamar baitin waƙa ba mai rubuta musu. Allah ya sa haka ne, ya haskaka makwancinsu, ya jiƙan naku da suka rigaye mu.